Sai An Yi Ruwa Nake Uwarsa

Shekaranjiya da hantsi aka kece da ruwa, aka kuma ɗauke wuta. Jikata, wadda nake zaune a gidanta tun da ƙafa ta fara gardama, ta fito falo da ɗanta a kafaɗa tana ta mita. Wai wayarta ba caji, talabijin ya mutu, yaro ya ƙi zama wuri ɗaya, ita ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Tana mitar tana sumbatarsa, tana kiran sunansa da ƙarfi har maƙwabta na ji. Ɗanta na fari ne fa, kuma ko a gaban surukanta haka take yi, ko gezau. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ta ce, "Hajiya, mene ne abin dariya?" Na ce, "Ba komai, 'yar nan. Miƙo mini ruwa in sha." Ban yi mata bayani ba, don abin da ya taso mini ba na faɗa a tsaitsaye ba ne.

Gidan da aka kai ni aure a Kabara gidan ƙasa ne irin na dā, sai an wuce zaure biyu kafin a ga tsakar gida. Katanga mai kauri, rufin azara da ƙasa, kowane ɗaki da indararonsa da ke zubo ruwa tsakar gida. Mijina da yayyensa maza biyu duk a nan suke da iyalansu, rijiya ɗaya, madafa ɗaya, kuma dukanmu a ƙarƙashin idon mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Inna. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Kullum tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, mazari na juyawa a 'yar tasa, kai ka ce auduga kawai take kallo. Amma ko gishiri ka ƙara a miya a ɓoye ta gani. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Gyaran murya ɗaya take yi, sai kowa ya shiga taitayinsa. Abin da ta fi faɗa mana mu matan 'ya'yanta shi ne, "A gidan nan ba a yi mana rawar kai."

A wannan gida na haifi ɗana na fari. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yau bakina bai saba ba. Yaran yanzu ba su san abin da ake kira kunyar ɗan fari ba, in ma an gaya musu sai su ce tatsuniya ce. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai dai ta ce "yaron nan" ko "wancan". Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta yi masa murmushi. Ko nono za ta ba shi sai an yi ta roƙonta, sannan ta juya fuska bango ta ba shi kamar an tilasta ta. In ya faɗi a gabanta yana kuka, sai ta kawar da kai har wata ta zo ta ɗaga shi. In baƙuwa ta ce, "Kai, yaron nan kyakkyawa ne," sai uwar ta tashi ta bar wurin. Ba mugunta ba ce, tarbiyya ce, haka mahaifiyata ta yi wa yayana, haka surukata Inna ta yi wa nata, haka kowa ya tashi ya tarar. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne yadda ƙirji ke zafi idan ɗanka ya ɗago hannu biyu yana nufo ka, kai kuma ka kauce ka ci gaba da daka.

Ga kuma wani abu a kan wannan. Mijina yana da babbar yaya da ke aure a Ƙofar Mazugal, Allah bai ba ta haihuwa ba. Yaran gida Gwaggo suke ce mata, mu ma muka bi bakinsu. Tun ina da ciki ta dafa ni ta ce, "Wannan nawa ne, mace ko namiji." Kowa ya ce Allah ya raya mata. Shi ke nan magana ta zauna: ranar da aka yaye shi, ranar zai koma hannunta, can zai tashi. Ba a tambaye ni ba, kuma da an tambaye ni ma da ƙasa zan kalla in yi shiru, don uwar da ta buɗe baki a kan ɗan fari ta gama zubar da mutuncin gidansu. Gwaggo kuwa mutuniyar kirki ce, ban taɓa riƙe ta a zuciya ba. Duk zuwan da za ta yi da alewa a ƙullin zaninta, ta ɗauke shi ta yi ta juyi da shi a tsakar gida tana yi masa kirari, ni ina gefe ina tsince shinkafa, ina kallonsu ta wutsiyar ido. Shekarar da ya fara tafiya da ƙafarsa yana haɗa kalma ɗaya biyu, Inna ta ce za a yaye shi in an shiga kaka. Damina ɗaya ke nan ta rage mini.

Wanda bai ga tasowar hadari a cikin birni a wancan zamani ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Gabas za ta yi baƙi, iska mai sanyi ta taso da ƙamshin ƙasa, shirwa ta yi ta shawagi ƙasa-ƙasa. Sai gida ya rikice. Wannan na kwashe shanya, waccan na kora awaki, ana kife turmi, ana jan itace zuwa zaure, ana jera tuluna a ƙarƙashin indararo. Daga gidajen maƙwabta kana jin mata na ƙwala wa yara kira. Inna za ta naɗe tabarmarta ba gaggawa, ta tattara audugarta ta shige. Da ɗigon farko ya faɗo kowa ya saki asabarin ƙofarsa. Tsakar gida ta zama tafki, laka mai santsi, ba mai tsallakawa sai da dalili mai ƙarfi. Maza kuma suna kasuwa, ruwa ya tsare su a rumfuna. Rufin ƙasa ba ya ƙara irin ta kwanon yanzu da ke hana ka jin maganar na kusa da kai. Wani gunji ne mai taushi a bisa kai, sai ƙarar indararo a waje da ke rufe duk abin da ake yi a cikin ɗaki.

Ranar farko ba shiri na yi ba. Yana wasa kusa da ƙofata ruwa ya sauko gaba ɗaya, na fizgo shi ciki na saki asabari. Muka tsaya ni da shi muna kallon juna kamar baƙi. Ya sa yatsa a baki, yana jira in kawar da kai yadda na saba. Na leƙa ta tsakanin asabari, ba kowa, ruwa kawai. Sai na durƙusa na kira sunansa a hankali. Tun ranar suna sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Ya waiga baya yana neman wadda ta kira shi. Na sake kira. Sai ya yi wata dariya da haƙoransa 'yan ƙanana, ya taho da gudu ya faɗa jikina. Na rungume shi na yi kuka, shi kuma yana ta jan kunnena.

Daga ranar, duk ruwan da aka yi namu ne. Ba mu da abin wasa ko ɗaya na saye, ɗakin ne kawai da abin da ke cikinsa. Rufina yana yoyo a wurare, sai mu tara ƙwarya a nan, tasa a can, kasko a lungu, kowanne da irin kukansa. Tasa ta ce tal, ƙwarya ta ce tub, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kwaikwayo, in ɗigo ya faɗo masa a ƙeya ya ƙyalƙyale. In babbar ƙwarya ta cika sai in kife ƙarama a kan ruwan in ba shi ludayi ya yi ta kiɗa, ni ina rawa a durƙushe, ni da ko a gidan biki ba a taɓa ganin na ɗaga ƙafa ba. Mukan ɓare gyaɗa mu ci, ɓawon kuma mu tura ta ƙarƙashin asabari, mu kwanta rubda ciki muna kallon ruwa na tafiya da su, yana ɗaga musu hannu. Ƙasar da ruwa ya wanko daga katanga takan taru a bakin ƙofa, mai laushi, sai in ɗebo in gina masa saniya da tozonta, da tukunya, da jaki. Nasa ginin kullum dunƙule ɗaya ne, amma in na tambaye shi mene ne sai ya ce, "Akuya." In ya gaji da wannan sai in lulluɓa da mayafi in yi shiru, ya zo ya yaye ya same ni, ya yi ihu kamar bai san ina ciki ba, a sake, a kuma sake, ba ya ƙoshi. Kwaɗin kududdufin bayan gida in suka fara, mu ma mu kumbura kumatu mu amsa musu. Abin da ya fi so dai shi ne doki. In yi rarrafe, ya hau bayana ya kama kitsona, mu zaga ɗaki daga gado zuwa jeren kwanuka. Da na ji indararo ya fara rage ƙarfi sai in rushe shanun, in goge masa hannu, in gyara ɗankwali. Kafin a ɗaga asabari na koma wadda aka sani.

Yaro ba shi da wayo aka ce, amma wannan ya gane lissafin tun kafin a yi nisa. A tsakar gida ya daina nufo ni, ya daina ma kallona, sai ya wuce ta gabana kamar bai san ni ba. Amma da iska ta canja, ko yana cinyar wa, zai zame ya sauka, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Hadali!" Haka yake faɗar hadari. Sai ya tafi da 'yar tafiyarsa ya tsaya a ƙofar ɗakina yana jira. Matan gida su yi ta dariya, suna cewa yaron nan matsoraci ne, tsawa yake gudu. Na bar su a haka. Wani lokaci shi ke riga kowa gani, har matar babban wan mijina takan ce, "Ku kwashe shanya, malamin hadari ya yi magana."

Na je Kabara bara, aka tura ni a keken asibiti har ƙofar gidan. An rushe shi an yi na siminti, bene, da tagogin gilashi. Kududdufin an cike shi an yi shaguna. Ba indararo ko ɗaya a layin, ruwa ta cikin bututu yake bi a ɓoye, ba mai jin sa. Yaran gidan na gani da kayan wasa cike da kwando, motoci masu kuka da 'yan tsana masu ƙifta ido, an zubar a ƙasa ba mai kula su. Ban ce zamaninmu ya fi ba. Uwa ta ɗauki ɗanta a gaban kowa ba ta jin tsoron gyaran muryar wani, wannan alheri ne, ina taya su murna har zuciyata. Amma ina kewar ɗakin nan mai duhu da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ina kewarsa har wani lokaci abinci ya ƙi shiga. Ina kewar ƙafafuna da ke iya rarrafe, da nauyinsa a bayana.

Wata rana a waccan daminar aka tashi da ruwa tun safe, har azahar bai tsagaita ba. Mun yi kiɗa, mun yi gini, mun kai ga doki. Ɗankwalina ya faɗi, gwiwoyina duk ƙasa, ina haniniya ina kiran sunansa ina haɗawa da kirarin da na ƙaga masa. Ban ji tafiya ba saboda ƙarar ruwa. Haske kawai na ga ya shigo. Na ɗaga kai, sai ga Inna ta ɗage asabari, faifai a kanta, zaninta ya jiƙe sharkaf. Na daskare a wurin a kan hannu da gwiwa. Da ƙasa za ta buɗe da na shige. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ƙara jan kitsona ya ce, "Inna, doki!" Ta dube shi, ta dube ni, ta dubi shanun laka da ke jere a bakin gado. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta ce, "Ba ni babbar ƙwaryar nan, ɗakina na yoyo a kan gado." Na sauke shi, na zubar da ruwan ciki, na miƙa mata da hannu biyu ina kallon ƙasa. Ta karɓa ta saki asabari ta tafi.

Na yi kwanaki ina jiran abin da zai biyo baya. Na ce za ta gaya wa ɗanta, ko ta aika gidanmu a ce ba a koya mini kunya ba, ko ma ta sa a zo a ɗauke shi tun kafin kaka. Ba ta ce uffan ba. Ba ta kuma sassauta ba, don washegari ma da idona ya daɗe a kansa yana bin kaza, sai na ji gyaran murya daga kan tabarma. Na ɗauka ta ƙullace ni ne tana jiran rana. Duk da haka da hadari ya sake tasowa ya je ya tsaya a ƙofata, ban iya korarsa ba, na dai rage murya.

Ƙarshen daminar nan ruwa ya yi yawa. Katangu suka riƙa zubewa a unguwa, maza kullum suna kan soro suna toshe ɓaraka, kowa na cewa Allah ya sa ya tsaya haka. Ni kaɗai nake idar da salla in roƙi ƙari, Allah na tuba. Amma damina ba ta jin roƙon mutum ɗaya. Ruwa ya fara jinkiri, ya koma yayyafi, ya ɗauke. Jakuna suka fara shigowa birni da sabon gero. Sama ta washe tas, yaro ya yi ta ɗaga kai yana dubawa, ba abin da ya gani.

Ranar yaye da safe aka karɓo rubutu daga wurin malamin unguwa aka ba shi ya sha, aka dama gumba aka raba wa yara sadaka. Gwaggo ta iso da hantsi da sabon zanen goyo, mijinta ya rako ta ya zauna a zaure. Maƙwabta suka shigo, tsakar gida ta cika da mata ana ta barka. Ni abin da ake so a gani a wurina shi ne ban damu ba, don haka na ɗauki rariya na zauna a gindin katanga na ba su baya ina tankaɗe. Garin ma ba a bukatarsa ranar. Ina ji aka ɗora shi a bayan Gwaggo, ina ji ta ɗaure zane, yana tsotsar alewa. Sai da ta juya ta nufi zaure, mata na cewa a sauka lafiya, sannan ya gane tafiya ce.

Na ji muryarsa ta tashi. "Hadali!" Na waiga ban sani ba. Ya zaro hannu ɗaya daga cikin goyo ya miƙa sama, sama kuwa fes, rana na dukan ƙasa. "Hadali! Hadali!" Mata suka kwashe da dariya. Gwaggo ta girgiza shi ta ce, "Ina ka ga hadari, ɗan nan? Yau kam malamin ya yi kuskure." Shi kuwa ya fashe da kuka yana ta maimaitawa, yana banƙarewa, alewar ta faɗi ƙasa. Bai kalle ni ba, ya san a waje ba a kallona. Ƙofar ɗakina yake kallo. Na sunkuyar da kai na ci gaba da kaɗa rariya, ba na ganin komai, hawaye na ɗiga a cikin garin.

Sai na ji mazari ya tsaya. Inna ta miƙe, ta fito tsakiyar gida, ta kare ido da tafin hannu ta dubi gabas, ta daɗe tana dubawa. Dariya ta mutu. Ta ce, "Ai kuwa ya fi ku gani. Hadari ne, ya haɗo sosai." Ta juya ga Gwaggo ta ce, "Kwance shi." Sannan ta ce da ni, ba tare da ta kalle ni ba, "Ke, ajiye rariyar nan. Ɗauke shi ku shiga ɗaki kada ya jiƙe." Matar babban wan mijina ta ɗaga kai sama ta ce, "Inna, ai ko gajimare..." Inna ta ce, "Na ce ku kwashe shanya." Wallahi sai ga mata manya suna sauke zannuwa daga igiya a cikin rana tsaka, ba mai kallon wata. Gwaggo ta kwance goyon da kanta ta miƙo mini shi, ta ce a hankali, "Yi sauri, ya fara ɗigowa." Karo na farko ke nan da na karɓi ɗana a gaban jama'a.

Na saki asabari. Rana na shigowa ta tsakaninsa layi-layi, tsakar gida ta yi tsit, kowa ya shige ɗaki. Nono kam an riga an raba mu, ban ba shi ba. Na share masa fuska, na durƙusa, ya hau. Muka zaga daga gado zuwa jeren kwanuka, ina jin shessheƙarsa na komawa dariya a ƙeyata. Na san daga yau ba zai ƙara kwana a ɗakin nan ba, kuma haka aka yi, a Ƙofar Mazugal ya girma, "Yaya" yake kirana har gemunsa ya yi fari. Babu ƙarar indararo da za ta rufe mini murya, duk gidan na ji, amma na kira sunansa da ƙarfi, na sake kira, yana amsawa.

Can sai na ji an aiko daga zaure, wai mijin Gwaggo ya ce rana na yi, ga hanya da nisa, a fito haka. Daga cikin ɗakinta Inna ta amsa.

"A ce masa ya jira. Bai ɗauke ba tukuna."